Shekarunka nawa, me kake yi, me ka karanta?

Ranar Lahadin da ta wuce raina ya ɓaci a Agege nan Legas, har yau abin bai sake ni ba, shi ya sa na ce bari dai in rubuta.

Akwai wata 'yar majalisa da muke yi bayan la'asar a ƙofar shagon wani tela can cikin Zango, ba ƙungiya ba ce mai shugaba da sakatare, masu son karatu ne kawai, a jawo benci a aika wajen mai shayi, kowa ya faɗi abin da ya karanta kwanan nan. Al'adar wajen ita ce in baƙo ya zo sai ya faɗi abu huɗu, shekarunsa, sana'arsa, littafin da ya gama ko yake kai, sai kuma yadda ya ga littafin.

To ranar wani yaro ya zo, ya ce shekararsa 23, gadi yake yi a wani gida a Ikeja, kuma ya gama wani labari a waya na wani saurayi da ya baro Arewa ya zo Legas neman kuɗi. Aka ce yaya ka gan shi? Ya ce gaskiya bai yi masa ba. Ya ce jarumin ya sauka daga mota da asuba, kafin azahar ya kama ɗaki shi kaɗai, ba kuɗin ejan ba na agrimen ba wanda ya tsaya masa, kafin sati ya zagayo har ya samu aikin ofis. Ya ce shi da ya zo a barandar shagon ɗan garinsu ya yi ta kwana, in aka yi ruwan dare a tsaye suke kai asuba, don haka tun daga farko-farko ya gane mai rubutun bai taɓa taka Legas ba, bai kuma tambayi wanda ya taka ba.

Sai wani Alhaji ɗan canji, mutumin kirki ne fa kuma yana karatu sosai, ya ce, "Ɗana, shekara 23 kana gadi, yaushe ka san rubutu da har za ka kushe marubuci? Ka bari ka ga duniya tukuna." Aka yi dariya. Yaron ya ce, "Haka ne Alhaji, Allah ya huci zuciyarka," bai sake buɗe baki ba har aka kira magariba.

Bayan an idar da salla wasu suka ce to maganin abin shi ne daga yau a daina faɗin shekaru da sana'a, kowa ya faɗi littafinsa kawai a wuce wajen.

Ni ban yarda da Alhaji ba, ban kuma yarda da wannan maganin ba. Abin da nake gani shi ne a ci gaba da faɗin shekaru da sana'a duk inda masu karatu suka haɗu, a majalisa ne ko a gidan suna ko a cikin mota, saboda da su ake gane inda ra'ayin mutum ya fito. Abin da za a daina shi ne mayar da su sikelin auna wa ya isa ya yi magana wa bai isa ba.

Tunda ni nake cewa a faɗa bari in fara da kaina. Shekarata 39, akawu ne ni a wajen wani dillalin tumatir da tattasai a kasuwar Mile 12, ni nake rubuta kwando nawa ya sauka, na waye, wa ya ɗauka bashi, nawa aka ba 'yan dako. Yawancin karatuna da daddare nake yi a waya lokacin da muke jiran motocin kaya daga Kano ko Zariya ko Jos, direba zai ce maka ga shi nan ya wuce Ibadan amma sai gab da asuba za ka ga fitilarsa. Littafin da na gama kwanan nan labarin rabon gado ne a gidan wani ɗan kasuwa mai mata uku, ya yi min daɗi har wajen rabi, daga nan marubuciyar ta fara jan labarin don kawai ya yi tsawo.

Littafi ɗaya, masu karatu biyu

Wannan labarin gadon gwaggona ma ta ji shi, 'yarta ce ke karanta mata in sun tashi daga kasuwa. Gwaggo ta haura 50, abinci take sayarwa a Idi-Araba, ta zauna da kishiyoyi ta kuma ga rabon gado da idonta. 'Yar tata shekararta 19, tana ajin farko a jami'ar LASU. Yarinyar ta ce uwargidan cikin labarin muguwa ce, ita tun farko ta tsane ta. Gwaggo ta ce, "Ke dai yi shiru, matar nan ba mugunta ke damunta ba, tsoro ne, ta san ranar da mijin ya faɗi ita da 'ya'yanta mata za a fara mantawa da su."

Yanzu in an kawo maka waɗannan maganganu biyu ba shekaru ba sana'a, me za ka yi da su? Cewa za ka yi ɗaya ta gane ɗaya ba ta gane ba. Amma da ka ji wacece ta faɗi wacce, sai ka ga ai duk su biyun sun karanta daidai, kowacce daga inda rayuwa ta ajiye ta, har ma ka ƙara gane cewa marubuciyar ta iya gina uwargidan nan tunda uwa da 'ya suka yi saɓani a kanta.

Haka maganar tsawo. Direban tanka da ke kwana a layi a Apapa yana jiran lodi, in ya ce maka littafi bai yi tsawo ba gaskiyarsa ne, shi abin da zai cinye masa dare yake nema. Nas ɗin da ke aikin dare a asibiti tana ɗan samun minti goma tsakanin majinyaci da majinyaci, in ta ce ya yi tsawo ita ma gaskiyarta ce. Ni da zan sayi littafin da kuɗina, kafin in tura ɗari biyar ko dubu ɗaya ina so in san wanne ne a cikinsu zamansa ya fi kama da nawa.

"Yaro ne"

Wannan ita ta fi ci min rai, don tarihin rubutun Hausa da kansa ya ƙaryata ta.

A 1933 aka yi gasar rubuta ƙagaggun labarai ta Hausa wadda wani Bature Rupert East ya shirya daga ofishin fassara na Zariya, littattafan da suka fito daga gasar nan su ne har gobe ake karantawa a makarantu. Abubakar Imam mai Ruwan Bagaja an haife shi a 1911, ke nan shekararsa 22 a lokacin, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa mai Shaihu Umar an haife shi a 1912, shi ma ƙaramin malamin makaranta ne a Bauchi, bai ma kai Imam shekaru ba. Kullum mutanenmu suna wucewa ta TBS a Legas Ailan, filin da aka sa wa sunansa, amma kaɗan ne ke tuna cewa kafin ya zama Firayim Minista har ya zauna a garin nan, yaro ne ɗan ashirin da ɗoriya da ya zauna ya rubuta littafi. A gasar har da yayan Imam, Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, an buga na yayan an buga na ƙanen, ba wanda ya ce ƙaramin ya jira sai ya ga duniya.

To in ɗan shekara 22 zai rubuta littafin da jikokinmu za su karanta, ta yaya za a ce ɗan shekara 23 bai isa ya ce wani littafi bai yi masa ba?

Za a ce ai girmama na gaba tarbiyyarmu ce. Ƙwarai kuwa, ni ma ba na fatan ganin ranar da yaro zai ɗaga wa dattijo murya a kan littafi ko a kan komai. Amma yaro ya ce "Baba, ni dai ga yadda na gani" ba rashin kunya ba ne. Ko a zauren karatu almajiri yana tambayar malam, malamin kirki kuma daɗi yake ji. Mu abin da muka yi shi ne muka ɗauka mai ladabi shi ne mai shiru, sai yaran suka koyi cewa abin da ake so su faɗa kawai shi ne "Masha Allah littafi ya yi ma'ana, Allah ya ƙara basira," addu'a ce mai kyau wallahi, amma ba ta gaya wa kowa ya saya ko kada ya saya, ba ta kuma gyara wa marubuci komai.

"Mai gadi ne"

A tsaya a duba waye ma yake da lokacin karatu a garin nan. Babban ɗan kasuwa wayarsa ba ta hutawa, daga kwastoma sai banki sai 'yan uwa daga gida. Ma'aikacin ofis ya fito tun duku-duku ya shiga gosulon gadar Third Mainland, ya dawo bayan isha'i ko abinci da kyar yake ci. Mai gadi kuwa dare ne guda a gabansa, ga waya ga tocila, mai shayi yana da tsakanin azahar da la'asar, mai kanti yana da lokacin da kasuwa ta yi sanyi, direba yana da layi. Cikin waɗanda na sani dai masu ƙananan sana'o'in nan sun fi manya karance littattafai sosai, kawai ba a tambayarsu ne.

Kuma in littafi yana maganar zuwa Legas neman kuɗi, wa ya fi mai gadi sanin ƙarya ne ko gaskiya? In maganar asibiti yake yi, nas da mai shara a asibitin sun fi ni sani. In kasuwa ce, ni a shafi ɗaya zan gaya maka ko marubucin ya san yadda ake cin la'ada ko dai ji ya yi a bakin mutane. Sau da yawa sana'ar da ake raina mutum da ita, ita ce ta sa ya fi kowa cancantar magana a kan littafin da ke gaba.

Su kansu marubutan ai ba duka suka fito daga jami'a ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, daga baya ta koma karatun manya, amma littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990 an fassara shi zuwa Turanci an buga a Indiya a 2012. Da an ce sai mai digiri zai riƙe alƙalami da ba mu same ta ba. To don me za a ce sai mai digiri ko mai kuɗi zai faɗi ra'ayi?

To a ɓoye mana a huta

Na fahimci masu wannan shawarar, zaman lafiya suke nema. Amma ba inda za ta kai mu. Mu Hausawan Legas mun san juna, ko ba ka faɗa ba an ga takalminka, an ga agogonka, an ga ko a mota ka zo ko daga tashar jirgin ƙasa ta Agege ka tako da ƙafa. Mai son raina mutum ba ya jira sai an gaya masa shekaru.

Abin da ya fi damuna ma shi ne, ranar da muka ce a daina faɗin sana'a don kada wani ya ji kunya, mun amince ke nan gadi abin kunya ne, wankin takalmi abin kunya ne, turin baro abin kunya ne. Wani ya yi raini, sai kuma a ce wanda aka raina shi ne zai ɓoye kansa? Mutum ya baro garinsu ya bar mata da yara, yana neman halaliyarsa yana tura kuɗin cefane gida duk wata, duk da haka ya samu sarari ya karanta littafi har ya yi tunani a kansa, ni a wajena wannan abin a faɗa ne kowa ya ji.

Abin da ya fi sauƙi shi ne a kafa doka ɗaya tak, in mutum ya faɗi ra'ayinsa mai ba shi amsa ya ɗauko amsar daga cikin littafin. Ka ce a'a, ka manta babi kaza inda aka nuna yana da kawu a Obalende, shi ya kama masa ɗakin, shi ke nan ka kayar da shi da hujja kuma kowa ya ƙaru. Amma "kai yaro ne" ko "kai me ka sani" ba amsa ba ce, kuma ya kamata a ce ko waye a wajen zai iya cewa, "Alhaji, a yi haƙuri, a dawo kan littafin," ba tare da an ɗauke shi marar kunya ba.

Inda na ba masu ƙin faɗa gaskiya

Akwai uzurin da yake na gaske. Mata da yawa ba sa son faɗin shekaru, musamman wadda ba ta yi aure ba, don ta san abin da zai biyo baya, a bar maganar littafi a koma "to me take jira". Akwai dattawan da ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai dai su ce lokacin yaƙin basasa ko shekarar da aka yi fari. Akwai kuma wanda a yanzu ba shi da sana'ar da zai faɗa. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida ranar 1 ga Yuni 2022, ta ƙara huɗu a Satumba har da Kosofe inda kasuwarmu take, samarinmu da yawa suka rasa abin yi, wasu an ƙwace baburan, wasu sun koma gida, wasu suna nan suna buga-buga. Ka tsare irin wannan a gaban mutane ka ce sai ya faɗi sana'arsa, ka fama masa miki.

Don haka ba dole. "Na haura talatin" ya isa, "ina kasuwanci" ya isa, "da ina acaɓa yanzu ina nema" ya isa, wanda ya iya faɗin haka a cikin mutane ma ya cancanci a girmama shi. Ba a tambayar sunan maigidan da kake wa aiki ko lambar gida ko nawa ake biyanka, garin nan ba wajen da za ka baje sirrinka ga wanda ba ka sani ba ne. Wanda ya ce shi littafin kawai zai faɗa a ƙyale shi. Abin da na ƙi shi ne a hana kowa faɗa.

"Ai littafi ake magana, ba mutum ba"

Wannan 'yan boko suka fi kawo ta, wai magana in mai kyau ce mai kyau ce ko daga bakin wa ta fito. Da gaskiyarsu ta wani ɓangaren. In mutum ya ce marubuci ya kashe wata a babi na biyar ya manta ya dawo da ita a babi na ashirin, ba ruwanmu da shekarunsa, a buɗe a duba kawai. Amma yawancin abin da muke faɗa a kan littafi ba irin wannan ba ne. "Ya sa ni kuka," "ya gundure ni," "na kasa ajiyewa har caji ya ƙare," "ba zan bar 'yata ta karanta ba," duk waɗannan labarin abin da littafin ya yi wa wani mutum ne, in ba ka san mutumin ba rabi ka ji. Uba mai 'yan mata huɗu a gida da saurayi ɗan shekara ashirin in kowannensu ya ce littafi ba shi da matsala, ba nauyi ɗaya maganar take da shi ga wanda zai saya wa 'yarsa ba.

Wani abin kuma da faɗin shekaru da sana'a yake tonawa shi ne ƙaryar da muke wa kanmu a kan wa ke karanta me. An ce littattafan soyayya na 'yan mata ne da matan aure marasa aikin yi, tun zamanin da ake kiransu adabin kasuwar Kano ake faɗin haka, har a 2007 aka tara wasu aka ƙona a Kano. Amma je ka zauna da mahauta a Oko-Oba ko masu raguna a Alaba Rago ka ji abin da ke fita daga wayoyinsu, magidanta ne wasu har da furfura suna sauraron labarin a YouTube, an gama kuma a hau gardamar wa ya kamata ta aura. Muddin ba wanda zai ce shekarata 47 mahauci ne ni ga kuma abin da nake saurare, ƙaryar nan ba za ta mutu ba.

Haka wanda yake zuwa gaban malam bayan asuba yana ɗaukar Iziyya ko Risala, ka tambaye shi me ka karanta kwanan nan ya ce maka ai shi ba ya karatu, don a ransa karatu sai na boko. Haba Malam, ai naka ne ma mai wuyar, gaya mana babin da kake da abin da ya ba ka wahala a ciki. Wanda bai iya boko ba da kunne yake bi shi ma ya matso, labari ya shiga kansa ya kuma yanke masa hukunci, ni ban ga abin da ya rage masa ba.

Marubuta ba su san muna nan ba

Legas gari ne na littafi. Ga masu baza tsofaffin littattafai a Ojuelegba da Yaba, ga shagon littattafai na CMS, ga bikin littattafai na LABAF da aka fara tun 1999 ake yi a Freedom Park cikin Nuwamba, ga bikin littattafai na Ake da ya baro Abeokuta ya dawo nan a 2018. Ɗan Arewa, Abubakar Adam Ibrahim, ya ci kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG ta dala dubu 100 a 2016. Amma zagaya duk wuraren nan ka nemi littafin labari na Hausa, da wuya ka samu, sai dai na addini a bakin masallatai, ko ka roƙi direba ya riƙo maka daga kasuwar Sabon Gari a Kano. Manhajar OkadaBooks da marubutan Hausa da yawa suka riƙa sa littattafansu a kai, wadda aka kafa a 2013, ita ma ta rufe a ƙarshen 2023.

Me ya sa ba a kawo mana? Mai sayarwa ne bai san akwai mai saye ba. A idon mutanen gari Bahaushe a Legas shi ne mai gadi, mai tsire, ɗan canji, mai tumatir, ba wanda ke tunanin akwai littafi a aljihunsa, mu ma kanmu mun karɓi maganar nan ta "Bahaushe ba ya karatu" muna ta maimaitawa.

Ita kuwa marubuciyar da ke zaune a Kano ko Kaduna ko Gusau, lambobin waya kawai take gani suna turo kuɗi, ba ta san mai lambar nan direba ne ɗan shekara 44 a Ijora ba, a zatonta duk 'yan mata ne. Shi ya sa Legas ɗin cikin littattafanmu kusan kullum iri ɗaya ce, Lekki da Banana Ailan, jirgin sama, saurayi mai kamfani. Ba Agege, ba Mile 12 da taɓo har idon sawu lokacin damina, ba ɗakin da mutum takwas ke kwana karɓa-karɓa wasu dare wasu rana, ba yaron da aka haifa a Idi-Araba yana jin Yarbanci kamar Bayarabe, in ya je Kano a ce ɗan Legas, in yana Legas a ce baƙo ne. Garin nan cike yake da labaranmu ba wanda ya ɗiba, kuma ba za a ɗiba ba sai masu zaman ciki sun yi magana an san su waye.

Mu ma dai akwai namu laifin, littafin da aka ce na kuɗi ne mutum ɗaya zai saya ya tura wa mutum hamsin dokumen ɗin kyauta, marubuciya ba ta ga kuɗin ba balle ta san da zamanmu.

Tun 2016 BBC Hausa ke yin gasar gajerun labarai ta mata mai suna Hikayata, duk shekara in an sanar da waɗanda suka yi nasara ana gaya mana wacece, 'yar ina ce, me take yi, kuma kowa yana son ji don yana ƙara wa labarin armashi. Ashe mun san amfanin sanin marubuci. Mai karatu ne kawai ba a taɓa tambaya waye shi.

Don haka marubuta ina roƙonku, a ƙarshen littafi wajen da kuke sa lambar asusu ku ƙara layi ɗaya, mai karatu gaya min shekarunka da sana'arka da garin da kake, da inda labarin ya yi maka da inda bai yi ba, ku kuma shirya jin abin da ba lallai ya yi muku daɗi ba. Mu kuma a nan a sayi littafin rubutu guda a ajiye a majalisa, ba suna ba lambar waya, shekaru da sana'a da littafi da ra'ayi a layi biyu. Ni aikina ke nan rubuta lissafi, in an yarda zan riƙe na Agege. In na Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago suka yi nasu, matanmu ma suka yi nasu a cikin gidaje da islamiyyu, kafin Nuwamba muna da abin da za mu ɗauka mu kai wa masu shirya LABAF mu ce ga masu karatun Hausa na Legas, a ba mu tebur ɗaya.